Majigin Gindin Bango ko Ƙatuwar Talabijin: Wanne Ya Dace da Falonka?

Shekaru kaɗan da suka wuce, mai son hoto mai inci 100 a falonsa ba ya doguwar shawara. Talabijin mai wannan girman sai gidan wane da wane, sauran jama'a kuwa majigi suke nema. Yanzu kasuwa ta juya. TCL da Hisense sun sako talabijin masu inci 98 da 100 da yawa, har ana samun wasunsu ƙasa da dala 2,000 a Amurka lokacin rangwame. Shi ma majigin lesa da ake ajiyewa a gindin bango, wanda za ka ga an rubuta UST a kwalinsa, Hisense kuma take tallatawa da sunan Laser TV, ya gyaru kuma ya sauko. Wanda Sony ta fitar a 2014 kusan dala 50,000 aka sa masa. A 2017 Xiaomi ta kawo nata a China kan yuan 9,999, daga nan farashi ya karye. Yau mai kyau yana tsakanin dala 1,500 da 3,500, ban da kuɗin allo.

Abu uku ke nan a gaban mai saye: ƙatuwar talabijin, majigin gindin bango, da majigin nesa da ake ratayewa a silin. Ra'ayina shi ne, in inci 100 ya ishe ka kuma kwalin zai shiga ƙofarka, ka sayi talabijin. Majigin gindin bango yana biyan kuɗinsa ne daga inci 120 zuwa sama, ko a gidan da talabijin ba za ta iya shiga ba.

Awon ɗaki kafin awon aljihu

Kowane majigi yana da lambar da ke nuna nisan da yake bukata: tazarar idonsa daga allo, a raba da faɗin hoton. Na nesa da ake amfani da shi a gida yawanci 1.2 zuwa 1.5 ne. Hoton inci 100, a awon kusurwa zuwa kusurwa, faɗinsa santimita 221, tsayinsa 125, don haka sai an ja da baya mita 2.7 zuwa 3.3. Na gindin bango lambarsa 0.25 ce ko ƙasa da haka. Yana bi da hasken ta wani lanƙwasasshen madubi ya cilla shi sama a karkace, shi ya sa inci 100 ke fitowa alhali idon bai wuce santimita 55 daga bango ba. Babu mai giftawa ya tare hoto, babu jan waya mita goma ta cikin silin, wanda ya miƙe tsaye kuma haske ba ya dukan idonsa.

Sai dai hotunan talla ba sa nuna komai. Idon na'urar yana ɓangaren da ke kusa da masu kallo, jikinta kuma ya kai santimita 30 zuwa 35 daga gaba zuwa baya. In lambarta 0.25 ce kana son inci 120, idon zai tsaya santimita 66 daga allo, goshin na'urar ya kai wajen 70. Teburin talabijin da kafintoci suka saba yi bai cika wuce 40 ko 45 ba. Ko ka janyo shi ya cinye filin falo, ko ka sa a yi maka sabo. A wannan fanni Epson LS800 ta yi wa sauran zarra da lambar 0.16, tana ba da inci 100 da tazarar kusan santimita 10 tsakanin bayanta da bango. LG HU915QE da Samsung LSP9T suna kan 0.19, Formovie Theater 0.23, Hisense PX1-Pro 0.25. Bambancin kamar ba shi da yawa a takarda, amma a ƙasa taku ɗaya ne na filin falo.

Tsayi ma haka. Hoton ba daga saman teburi yake farawa ba, yana tashi ne santimita 30 zuwa 40 sama da shi. Inci 120 tsayinsa 149. Teburi mai santimita 50, ka ƙara 40, ka ƙara 149, saman hoton ya kai 239 daga ƙasa. Wanda ke zaune a kujera sai ya ɗaga wuya, wanda ke kan kafet kuwa ba a magana. Teburin majigi gajere ake so, kamar santimita 30 zuwa 40.

Talabijin nata awon daban ne. Mai inci 98 kwalinta ya haura mita biyu a tsawo, nauyinta kilo 55 zuwa 70, sai mutum uku ko huɗu sun kama. Mai zama a bene mai matsattsiyar matakala, ko ɗan haya da ke sauya gida duk bayan shekara biyu, ya yi tunani sosai, domin gilashin in ya tsage ba a gyarawa, kuɗin sun tafi. Majigin kilo 9 zuwa 13 ne, mutum ɗaya zai rungume shi. Allonsa, in mai laushi ne, a naɗe yake zuwa, a cikin ɗaki ake haɗa firam ɗin.

Haske, inda maganar take

A nan ne talabijin ta kere majigi, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Ana auna hasken da majigi ke fitarwa da lumen, ana auna wanda ke dawowa idonka daga allo da nit. Ɗauki na'ura mai lumen 2,500 na gaskiya a kan allon da ke mayar da kashi 60 cikin 100 na hasken, wanda shi ne aka fi haɗawa da irin waɗannan. A inci 100 za ka samu nit 170 da 'yan kai. A inci 120 ya sauka zuwa 120, domin filin allon ya ƙaru da kashi 44 cikin 100 alhali fitilar ba ta ƙaru ba. A inci 150 bai kai 80 ba. Talabijin ta tsaka-tsaki tana ba da nit 400 zuwa 600, masu Mini-LED, wato ɗimbin ƙananan fitilu a bayan gilashin, kuwa suna haura 1,000, wasu 2,000, a wuraren da hoto ke ƙyalli.

Kada wannan lissafi ya tsorata ka fiye da kima. Ma'aunin gidan sinima nit 48 ne kacal, kuma babu mai fitowa yana cewa bai ga hoto ba, saboda zauren a duhunce yake. Majigi ba ya iya zana baƙi. Baƙinsa shi ne launin allo lokacin da babu haske a kai, don haka duk hasken da ya shigo ta taga ko ya sauko daga ƙwan fitila yana wanke baƙin ya koma toka-toka. Da daddare, an rage fitilu, inci 120 na majigin gindin bango abin kallo ne, kuma ido ba ya gajiya da shi kamar yadda yake gajiya da ƙatuwar talabijin mai walƙiya. Da ƙarfe biyu na rana a falo mai manyan tagogi da farin tayil da farin fenti, irin da ake yayi yanzu, wasan ƙwallo zai kallu amma fim mai duhu ba zai kallu ba. Gidan da talabijin ke kunne tun safe, yara na katun, uwargida na bin shirinta, ƙofa a buɗe don iska, gidan talabijin ne.

Lambar lumen da ke kwali kuma a bi ta da hankali. A 'yan shekarun nan Epson ta kai kamfanoni da dama kotu a Amurka kan zuzuta hasken na'urorinsu, wasu suka amince suka rage lambar. Formovie Theater, wadda aka fara tallatawa da 2,800, ta koma 1,800 bisa ma'aunin ISO 21118. Na'urar ba ta lalace ba, har yanzu tana cikin masu kyawun baƙi a ajinta, lambar ce aka gyara. In ka ga alamar ma'aunin ANSI ko ISO kusa da adadin, akwai abin kamawa. In ka ga lumen 9,000 ko 12,000 zalla a kan na'urar da kuɗinta bai kai na wayar hannu ba, wuce kawai. Ko masu gaskiyar ma, suna kaiwa lambar ne a yanayin da ya fi haske, wanda launinsa kan karkata zuwa kore ko shuɗi. Da zarar an saita launi daidai, haske ya ragu.

Allo rabin sayayya ne

Mutane da yawa suna sayen na'urar su ce bango ya isa. Da majigin nesa hakan kan yiwu. Da na gindin bango kuwa, hasken yana hawa bangon ne kusan a kwance da shi, saboda haka duk wani tudu ko kwari da magini ya bari a filasta sai ya fito, layin da ya kamata ya miƙe ya riƙa lanƙwasa. Bangon da ido ke gani sumul, majigi zai tona masa asiri. Allon da ake saukewa daga sama yana lilo shi ma bai dace ba, musamman a ɗakin da fankar silin ke juyawa, domin ɗan motsin da iska ta yi masa zai sa hoton ya riƙa rawa. Ana bukatar allo mai firam da aka ɗaure tamau, ko mai tasowa daga ƙasa da igiyoyi a gefe suna jan sa.

Allunan da aka yi wa wannan aiki, masu alamar ALR ko CLR, iri biyu ne. Na farko fuskarsa jerin ƙananan layuka ne a kwance, kamar kunyoyin gona, sai dai ido ba ya ganinsu sai an matsa. Kowace kunya gefenta na ƙasa mai haske ne, yana karɓar abin da majigi ya harbo ya tura wa masu kallo. Gefenta na sama baƙi ne, yana shanye hasken fitilar silin. Wannan shi ne lenticular. Yana rage haske, shi ne mai mayar da kashi 50 zuwa 60 ɗin nan, amma baƙinsa ya fi zurfi, kuma wanda ke zaune can gefe yana ganin hoto daidai da na tsakiya. Rauninsa hasken gefe ne: taga a dama ko hagu tana shigar masa kai-tsaye.

Na biyu, Fresnel, layukansa zagaye suke, rabin da'ira cikin rabin da'ira, suna tattara haske su turo shi tsakiyar ɗaki. Ya fi haske nesa ba kusa ba, kuma yana tare hasken gefe da na sama duka. Amma in ka koma gefe hoton sai ya dusashe, yakan kuma jefa wani haske a silin, sannan da yawansu a sandare suke zuwa, falle guda, wato matsalar ƙofa da matakala ta dawo.

Yanzu dubi yadda muke jera kujeru. Falonmu yawanci kujeru sun bi bango uku, baƙi na gefe da gefe, yara a ƙasa. Ga irin wannan zama lenticular ya fi, a haɗa da labule mai kauri a tagar gefe. Fresnel na mutumin da ke da doguwar kujera ɗaya tana fuskantar allo ne, yana kuma son kallon rana. Kowanne ka zaɓa, ka ware masa dala 500 zuwa 1,500. Kada a goge shi da tsumma ta kowace fuska, bin layukan ake yi a hankali, in an murje su ba sa dawowa. Kuma a kula da kibiyar da ke nuna sama lokacin kafawa, in aka juya shi, hasken majigin zai shanye ya bar na fitila.

Wasu na'urorin Hisense, irin L9G da L5G, da allonsu ake sayar da su, an kuma ɗaure idonsu a kan girma ɗaya, 100 ko 120. Sauƙi ne ga wanda ba ya son wahalar zaɓe, amma ba za ka ƙara girma daga baya ba. Jerin PX nasu ana iya saita shi, PX3-Pro daga inci 80 har 150.

Lesa ɗaya ko uku

Masu lesa ɗaya suna amfani da shuɗiyar lesa ce tana dukan wani faifai mai sinadarin fosfo, ya ba da rawaya, daga ciki a tace ja da kore. Sun fi araha, hotonsu a natse yake. Samsung LSP7T, Hisense PL1 da Epson LS800 duk a wannan layi suke. Masu lesa uku kowane launi da tasa, ja da kore da shuɗi, kuma launinsu ya zarce abin da kusan kowace talabijin ke iyawa. Hisense na cewa L9G ta kai kashi 107 cikin 100 na ma'aunin launi na BT.2020, wanda shi ne mafi faɗi da ake da shi a harkar talabijin.

Tambayar ita ce me kake kallo. Ƙwallo a dish, labarai, finafinan Hausa da na Kudu a YouTube, duk a tsohon ma'aunin Rec.709 ake shirya su, wanda mai lesa ɗaya ke cikawa ba wahala. Faɗin launin lesa uku sai a finafinan HDR, masu ƙarin haske da launi, na Netflix, Prime Video ko faifan 4K yake nuna kansa. In ba a saita shi ba ma, yakan sa ciyawar fili ta yi koren da babu shi a duniya, fuskoki su yi ja. A shago wannan na jan ido, bayan mako guda a gida yana gundura.

Lesa uku tana da wasu halaye biyu da ya kamata ka gani da idonka kafin ka biya. Akwai wani ƙyalƙyali mai tsaki-tsaki da ke bayyana a kan launi mai faɗi, musamman ja, yana motsi in ka motsa kai. Wasu ba sa lura da shi sam, wasu kuwa da sun gani ba sa iya daina gani. Sannan masu sa tabarau sukan ga jan layi ko shuɗi a gefen farin rubutu, saboda gilashin tabarau yana karkatar da launukan uku ba daidai ba. In maigida ko uwargida na sa tabarau mai ƙarfi, a je da shi wurin gwaji.

Ta fuskar abin da ke zana hoton, kusan kowa DLP na kamfanin Texas Instruments yake amfani da shi, fasahar da Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a 1987: miliyoyin ƙananan madubai masu karkatawa. Ƙwayar DLP da aka fi sawa, mai inci 0.47, madubanta 1920 sau 1080 ne, ana girgiza hoton sau huɗu cikin sauri a cika ɗigo miliyan 8.3 na 4K. Daga kujera hoton yana da kaifi, ba abin damuwa ba ne. Abin damuwar shi ne DLP mai ƙwaya ɗaya yana nuna launuka ne bi da bi, wasu mutane kuma idonsu na kama walƙiyar bakan gizo in farin abu ya gifta a kan duhu, har ya sa musu ciwon kai. Epson ta bi hanyar 3LCD, launuka uku a lokaci guda, babu bakan gizo, ga haske lumen 4,000 a LS800. Abin da ta rasa shi ne kaifi, domin sau biyu take girgiza hotonta, rabin ɗigon 4K ke nan, launinta kuma bai kai na lesa uku ba. Ga falo mai haske da kallon ƙwallo, ni LS800 zan nuna wa mutum. Ga mai son fim da daddare, PX3-Pro ko Formovie Theater. Mai neman Dolby Vision, ɗaya daga cikin tsarin HDR, ya san cewa Samsung ba ta sa shi a kayanta, HDR10+ take bi.

Akwai wani abu da masu sharhi a Amurka ba sa damuwa da shi amma ya shafe mu. Tashoshinmu, da wasannin Ingila da Sifen da ake haskowa, a kan 50Hz suke tafiya, wato hoto na sauyawa sau 50 a daƙiƙa. Wasu na'urorin DLP a kan 60Hz kaɗai suke aiki a ciki, sai su tilasta wa hoton 50 ya koma 60, ka ga ƙwallo na ɗan tsalle-tsalle duk lokacin da kyamara ta bi ta. A inci 55 ba lallai ka lura ba, a inci 120 sai ka lura. Hanyar ganewa ɗaya ce: a jona dikoda a wurin mai sayarwa, a sa wasa, ka kalli doguwar ƙwallo da rubutun da ke gudu a ƙasan allo.

Girman allo kuma ba ya rufa wa mummunan hoto asiri. Inci 120 ninki biyu ne na inci 85 a fili, duk dusashewar tashar da ba HD ba za ta ninku. 4K na Netflix yana iya cin gigabait 7 a awa ɗaya. Wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan ya sa wannan a lissafi. Masu gem su ma talabijin ta fi musu: da yawa suna karɓar 4K a 120Hz da jinkiri kaɗan ƙwarai, majigin DLP kuwa 4K ɗinsa a 60Hz yake tsayawa, sai an sauko 1080p ake samun 120 ko 240.

Sauti dai majigin ya fi, tunda yana da jikin da zai ɗauki lasifika: Bowers & Wilkins a Formovie, Harman Kardon a PX3-Pro, Yamaha a LS800. Amma yana da fanka a ciki, ana jin hucinta in fim ya yi shiru.

Ƙura, zafi da wuta

Waɗannan na'urori an ƙera su ne da tunanin gidajen da ke rufe da na'urar sanyaya ɗaki. Gilashin idon majigin gindin bango sama yake kallo, a buɗe. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kwana biyu ya isa ƙura ta kwanta a kai, hoto ya yi hazo. Dole a riƙa rufe shi da kyalle in an kashe, a kuma share da burushi mai laushi ko abin hura iska kafin a sa tsumma, domin ƙurar hunturu tana karce gilashi. Fankarsa kuma tana zuƙar iskar ɗaki tana bi da ita ta ciki. Na DLP hanyar haskensu galibi a toshe take, ƙura ba ta cika kaiwa ga madubai ba. LS800 tana da matatar iska da ake cirewa a kakkaɓe, kuma a Kano ko Zinder za a yi hakan fiye da yadda littafinta ya ce. Talabijin ba ta da fanka, ba ta da ido. A wannan babin ta yi nasara ba gardama.

Zafi ma haka. Yawancinsu an rubuta su yi aiki ne har zuwa digiri 35, wasu 40. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu da Mayu, ɗakin da ba sanyi yana kaiwa nan. Zafi yana gajarta ran lesa, yana sa fanka ihu, wani lokaci na'urar ta kashe kanta. Awa 20,000 zuwa 25,000 da ake alkawari, wato kusan shekara 11 zuwa 14 in ana kallon awa biyar kullum, lissafi ne na ɗaki mai sanyi, kuma ma'anarsa haske zai ragu zuwa kusan rabi a ƙarshen wa'adin. Ba a sauya lesa kamar yadda ake sauya ƙwan tsohon majigi, wanda ke mutuwa bayan awa 3,000 zuwa 5,000 amma a sayi wani a ɗaura.

Wuta kuwa, majigin yana cin wat 200 zuwa 350. Talabijin mai inci 98 tana kusa da haka, ta kan haura in an ƙure haskenta. In ka ɗauki wat 300 na awa biyar, yunit ɗaya da rabi ke nan a rana, abin da mai sola da batir zai iya ɗauka in ya tsara. Ɗaukewar wuta farat ɗaya ba ta cutar da lesa kamar yadda take cutar da mai ƙwai, wanda ke bukatar fanka ta huce shi. Abin tsoro shi ne dawowarta da ƙarfi, da wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka. A sa sitabilaiza ko UPS, inbata kuma ta kasance mai tsabtatacciyar wuta. Wanda zai sa a kawo masa daga Amurka ya duba bayan na'urar ya ga an rubuta 100–240V, domin akwai masu 120V kaɗai, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. Wanda zai sa a kawo daga China ya tabbatar samfurin ƙasashen waje ne. Na cikin gidansu ya fi araha, amma rubutunsa da Sinanci yake zuwa, babu manhajojin Google. Ko a samfurin waje ma akwai waɗanda Netflix ba ya aiki a kansu sai an jona Fire TV Stick ko makamancinsa.

Sai gyara. Talabijin in allon wutarta ya ƙone, akwai mai gyara a kowane babban gari, kayan ma ana samu. Majigin lesa in injin haskensa ya samu matsala, masu iya buɗe shi kaɗan ne, kayan gyaran sai an yi oda, garantin abin da aka shigo da shi a jaka kuma ba ya aiki a nan. Wannan ya sa nake fifita Hisense, LG, Samsung ko Epson da aka saya wurin dillalin da ke da wurin gyara a ƙasar, a kan na'urar da ta fi su maki a sharhin intanet amma ba ta da wakili ko ɗaya a nahiyar.

Majigin nesa fa?

Wanda ke da ɗaki na musamman da zai iya duhuntawa, ya yi masa fenti mai duhu, majigin nesa ya fi masa. Kuɗi ɗaya zai saya masa hoto mafi kyau, allon fari na talaka ya wadatar, saitawa ma ta fi sauƙi tunda ana iya matsar da hoton daga idon ba tare da taɓa na'urar ba. Baƙin majigin nesa na JVC, wanda ke da bambancin haske da duhu 40,000 da 1 ko fiye, babu majigin gindin bango da ya kusance shi, su da ke tsakanin 1,000 da 3,000 da 1. Kuma yana can sama, yara ba sa kaiwa. Na gindin bango kuwa, taɓawa kaɗan ta isa hoton ya zame daga firam, mai shara ta matsar da teburi da yatsa biyu sai an sake zaman saiti. Akwai gyaran kusurwa na cikin manhaja, amma yana rage kaifi, gara a daidaita da ƙafafun na'urar a kuma yi alama a teburin. Yawancinsu suna da abin da ke rage haske in yaro ya leƙa idon, kada a kashe shi.

Masu gidan kallo su ma na nesa ko talabijin biyu zuwa uku sun fi musu. Cunkoso, zafi, ƙura da awa goma a rana za su cinye majigin gindin bango da wuri, ga shi a ƙasa inda murnar cin ƙwallo za ta iya kifar da shi.

Inda ba shi da abokin gasa shi ne inci 120 zuwa 150 a falon da ake zama. Talabijin masu inci 110 da 115 da suka fito a 2024 wajen dala 20,000 aka sa musu, OLED mai inci 97 ma ta haura haka. Majigi mai kyau da allon inci 120 da sabon teburi da sitabilaiza za su tsaya tsakanin dala 3,000 da 5,000 kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Wannan jimillar ce za ka ɗora kusa da farashin talabijin mai inci 98 ko 100, ba kuɗin na'urar kaɗai ba. Kuma kujerarka ta kasance mita uku da rabi zuwa huɗu daga bango. In falon bai kai haka ba, inci 120 zai sa ka riƙa juya kai kana bin ƙwallo.

Kafin ka biya, ɗauki tef ɗin awo da abin manne takarda, ka zana faɗin santimita 266 da tsayin 149 a bangon, ƙasansa ya fara daga santimita 75 sama da daɓe. Ka auna santimita 70 daga bango ka ajiye kwali a wurin, ka ga ko hanyar wucewa ta rage. Sannan ka zauna a kujerarka a lokacin da kuka fi kallo, ka duba ta ina haske ke faɗowa cikin zanen. In daga silin ne, allon lenticular zai tare shi. In daga tagar gefe ne, sai labule mai kauri ko Fresnel. In tagar tana bayan kujera tana fuskantar bangon, babu allon da zai tare wannan, sai a sauya bango.